Fitilar gaban tsohuwar Hilux ta mutu murus, LED zan saka ko me?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema a kan fitilar gaban motata. Hilux ce ta 1994 mai fitila kusurwa huɗu ɗin nan, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, ni nake lallaɓa ta yanzu ina ɗauko hatsi daga wajen Gumel da Maigatari zuwa Dawanau. Inji lafiya lau ko baƙin mai ba ta sha, amma fitila ta koma kamar aci-bal-bal, wlh tocilan wayata ta fi ta haske. Daren Alhamis tsakanin Gujungu da Gezawa saura ƙiris na hau kan amalanken shanu, ba fitila ba komai a bayansa, sai da na zo dab da shi sannan na ga farin sa guda ɗaya, na taka birki buhunan gero suka zo suka daki bayan gidan direba, yaron motar har yanzu bai daina ba da labari ba. Wani ya ce na saka LED, wani ya ce zenon, ƙwan nan mai iskar gas a ciki mai farin haske, wani kuma ya ce na canza fitilar gaba ɗaya na nemo 'yar Beljiyam. Wanne ya fi dan Allah, kuɗin ba su da yawa ba na so na saya sau biyu.

Ɗan Zoo Road: Wslm. Oga ba sai an ja zance ba, LED kawai. Ni a Corolla ta na saka wata mai fanka a baya, a kwalin an rubuta lumen dubu ashirin, ma'aunin yawan haske kenan, idan na kunna dare komawa rana yake. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ka ce H4 LED kake so, H4 ɗin nau'in ƙwai ne mai dim da ful a haɗe, minti goma an ɗaura maka. Halojin, tsohon ƙwai mai zare ɗin nan, ai zamanin da ne.

Mai Wayarin Panteka: Baban Ummi kar ka sayi komai tukuna. Shekarata kusan ashirin ina wayarin mota, irin Hilux ɗin nan ban san adadin da suka bi ta hannuna ba, kuma yawanci mai ita zai zo yana zagin ƙwan fitila alhali ƙwan ba shi da laifi, wuta ce ba ta isa gare shi. Ka je wajen mai wayarin ɗinka ka ce ya ɗauko maltimita, na'urar auna wuta, a tayar da inji a kunna fitila, ya auna kan batir, ya kamata ka ga 13.5V zuwa 14 da 'yan kai idan caji na aiki. Sai kuma ya auna a bayan soket ɗin fitilar yana a jone yana ci. Idan ka ga 11 da wani abu to ka kama ɓarawonka. Wayoyin nan shekara talatin suna shan zafin inji, kawunansu sun yi kore, makunnin jikin sitiyari ya cinye, kowanne yana gutsurar nasa kafin wuta ta kai gaba. Shi kuma ƙwan halojin ba ya yafe wannan, ƙwan H4 an auna haskensa ne a 13.2V, idan ka ba shi 11V kusan rabin hasken ya tafi, ba ɗan kaɗan ba.

Ɗan Zoo Road: To ai shi ya sa na ce LED oga, ita ba ta cin wuta, ko wayar ta tsufa za ta kawo.

Maman Sadiq: Ku yi haƙuri na shigo maganar maza, amma masu saka farar fitilar nan ku ji tsoron Allah. Ni kullum bayan isha'i nake tasowa daga aiki na biyo titin Hadejia, mutum zai taho ya dalle maka ido da wani farin haske kamar walda, ka yi masa alama ya rage ashe wai a dim ma yake, sai ya ƙara maka ful ɗin don ya nuna maka. Rannan sai da na tsaya cak a gefen titi don ban ga komai ba na kusan daƙiƙa biyar, ga 'yan adaidaita ga masu tsallaka titi. Kai kana gani mu kuma mun makance, to wa zai kauce wa wa?

Mai Wayarin Panteka: Hajiya kin faɗi gaskiya kuma akwai dalilinsa. Ɗan Zoo Road ɗauko ƙwan H4 na halojin ka kalle shi da kyau, za ka ga zare biyu a ciki, ɗaya kuma yana zaune a kan wani ɗan ƙaramin cokali na ƙarfe. Wannan cokalin shi ke tare hasken dim kar ya daki ƙasan kwanon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwan ya tashi sama, shi ya sa idan ka haska bango za ka ga layi a yanke, ƙasa haske sama duhu. Kwanon fitilar da zanen jikin gilashin duk an ƙera su ne daidai inda wannan siririn zaren yake, ko milimita biyu aka goce lissafin ya rushe. Ita LED ɗin kasuwa faranti ne da ƙwayoyi gefe da gefe, mafi yawansu ba sa zama inda zaren yake, sai haske ya tarwatse, ya hau bishiya ya shiga idon mutane, gabanka kusa da bamba ya yi fari fat ka ɗauka kana gani, amma can nesa inda amalanken yake duhu ne. Kuma farin da ke kusa da kai ma shi ke sa idonka ya tsuke ya kasa ganin nesa. Batun lumen dubu ashirin kuwa, H4 na gaskiya dim ɗinsa wajen 1000 ne ful 1650, kuma da shi ake zuwa Legas a dawo. Kwali ba ya musu, duk abin da aka buga masa zai ɗauka.

Ɗan Zoo Road: Hhhh oga ai ku masu wayarin ba kwa son abin da ba ya lalacewa ne, kasuwa za ta mutu. Wata takwas kenan tawa ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Mai Wayarin Panteka: Kai a kwalta kake yawo cikin gari ƙanena. Bari fankar nan ta sha ƙurar hanyar kasuwar ƙauye wata uku ka ga yadda take, fanka na tsayawa zafi ya cinye ta. Ni ban ce duk LED banza ba ce, akwai masu kyau waɗanda aka daidaita ƙwayar da mazaunin zaren, akwai kuma wadda ake sayarwa fitila sukutum da gilashinta da aka yi don LED tun asali, wannan daban ce, amma kuɗinta ba na mai cewa kuɗin ba yawa ba ne. Sannan wani abu da ba ka sani ba, tsofaffin Toyota ɗin nan wayarin fitilarsu a juye yake, wuta tana zaune a ƙwan kullum da zarar ka kunna, makunnin dim da ful negatif yake yankewa. Halojin ba ruwansa ta ina wuta ta shigo, amma LED da yawa suna da gaba da baya, sai ka saka taƙi kawowa, ko ful ya ƙi shiga, ko shuɗiyar alamar ful ta dashbod ta daina nunawa. Daga nan sai yaro ya fara yanke-yanken waya yana haɗawa da salatif, motar marigayi ta shiga uku.

Direban Funtua: Ni dai abin da na sani a harkar nan ƙwai mai wat 100/90, wato ɗari a ful casa'in a dim, shi ne maganin dare. Shi muke sakawa tun muna yaran mota. A cire 60/55 a saka mai ɗari, magana ta ƙare.

Baban Ummi: Malam Direba wlh shi ne a ciki yanzu haka, bara na saka mai ɗari ɗin, sati biyun farko na ga canji daga baya ma sai ta fi da lalacewa. Kuma soket ɗin gefen direba ya narke har sai da aka canza, sabon ma na ga ya fara baƙi.

Mai Wayarin Panteka: Yauwa ka gama ba ni amsa da bakinka. Lissafi ne mai sauƙi, wat 55 a kan 12V wajen amp huɗu da rabi yake ja, wat 100 kuwa ya haura takwas, guda biyu kenan sha shida da ɗoriya a kan siririyar wayar da aka yi don rabin haka, tsohuwa kuma. Wayar ta yi zafi, wuta ta ƙara faɗuwa, soket ya narke, zafin ƙwan kuma ya gasa silbar cikin kwanon ta dushe. Ka biya kuɗi ka sayo duhu. Abin da za a yi maka shi ne rile guda biyu, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke taɓawa ya saki babbar wuta, ɗaya na dim ɗaya na ful, a ja waya mai kauri kai tsaye daga batir da fis ɗinta kusa da batir ɗin, a saka soket na tangaran maimakon roba, negatif ɗin kowace fitila a ɗaure shi a bodi a wajen da aka kankare fenti da tsatsa. Tsohon makunnin aikinsa ya koma taɓa rile kawai. Amma ka gaya wa mai aikin cewa negatif motar take yankewa, idan ya yi maka kallon bai gane ba ka ɗauke motarka ka canza wuri. Kar kuma ka yarda a cire fis a naɗa waya a madadinta, haka motoci suke kamawa da wuta.

Alhaji Tsohon Direba: Assalamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min ina faɗa masa. Yaro Allah ya jiƙan mahaifinka. Na ja akori-kura Fijo 404 na ja 504 ta haɗin Kaduna kafin na zo kan Hilux, saboda haka bari na ƙara abu ɗaya da ban ga an taɓo ba, batun 'yar Beljiyam da aka ce ka saya. Ka kula da ƙasar da fitilar ta fito. Mu nan da hannun hagu muke tuƙi irin na Ingila, sai a 1972 zamanin Gowon aka mayar da mu dama, ina kan hanya a lokacin, har waƙa ake yi a rediyo ana tuna wa mutane. To fitilar dim ba a miƙe take ba, gefe ɗaya a ɗage yake don ya haska bakin hanya, ka ga mai tafiya a ƙasa da dabba da allo. Motar ƙasarmu gefen dama ne a ɗage. Wadda aka ciro daga motar Japan ko Ingila ko Tailan ko Afirka ta Kudu gefen hagu ne a ɗage, ka saka ta a nan kana zuba wa mai tahowa haske a ido, bakin hanyarka inda shanun suke kuma duhu. Hilux kuwa da yawanta daga waɗancan ƙasashen kayanta suke fitowa. Mai shago ba lallai ya sani ba, shi dai ya ga ta shiga ramin.

Baban Ummi: Amin Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wlh ban taɓa jin wannan ba. To Baba ta yaya zan gane a kasuwa tunda ba a jikin mota take ba?

Injiniya Bompai: Bari na taya Baba amsawa. Ka duba jikin gilashin, idan mai tambarin Turai ce za ka ga harafin E a cikin da'ira da lamba kusa da shi, a nan kusa za ka ga HC ko HCR ko makamancin haka. Idan akwai kibiya mai kai ɗaya a wajen, ta ƙasashen hannun hagu ce, ajiye musu kayansu. Idan ba kibiya ita ce tamu. Mai kai biyu kuma ana iya saita ta ko'ina. Wasu na Japan ba su da wannan tambarin kwata-kwata, to hanya mafi sauƙi ka sa a jona mata ƙwai da batir a cikin shagon a haska bango, ka tsaya a bayanta kamar kai ne direba, layin ya kwanta a hagu ya tashi a dama. Idan ya tashi a hagu ba taka ba ce ko kyauta aka ba ka. Sannan ka leƙa kwanon, ya zama yana sheƙi kamar madubi, idan ya yi toka-toka ko ruwa ya taɓa kwanciya a ciki ya bar shata ba gyara, kuma kar ka sa tsumma ka goge, silbar fita take. Asalin na Toyota galibi za ka ga Koito a rubuce. Idan ba ka samu mai kyau ba sababbin Taiwan irin Depo ba laifi, sun fi tsohuwar orijina da ta mutu.

Direban Funtua: Wai duk wannan karatun a kan fitila? Mu da muke saka wa mu kama hanya Allah yana kiyayewa.

Maman Sadiq: Malam Direba Allah na kiyayewa, mu ne muke kauce muku.

Ɗan Maraɗi: Salam 'yan uwa. Nan wajenmu irin wannan Hilux ɗin su ne motocin daji, har yanzu suna aiki hanyar Dakoro da Tawa. Abin da zan ce ma Baban Ummi, ka yi tunanin lokacin hazo. Farin ampul ɗin nan, wato ƙwai, mai shuɗi-shuɗi da ake rubuta ma 6000K, lambar kalar haske kenan, in buji ya taso ko ka bi bayan babbar mota bisa hanyar laterit, hasken dawo maka yake cikin ido kamar ka haska farin bango. Mai ɗorawa-ɗorawa ya fi daɗin ido, halojin wajen 3200K yake. Tsofaffinmu sun san motocin Faransa da fitila ɗorawa, doka ce can wurinsu har 1993. Ni tawa halojin ce da rile, sai na ƙara ƙananan fitilu biyu masu ɗorawa ƙasan bamba don ƙura, makunninsu daban.

Ɗan Zoo Road: To ai akwai LED mai kala biyu ma, fari da yalo, kana ƙyasta makunni tana canzawa. Ni fa gani nake kawai an haɗe min kai a gidan nan hhh. Kuma zenon ɗin da ya tambaya ba wanda ya ce komai.

Injiniya Bompai: Zenon a kwanon halojin ya fi LED ɗin ma ɓarna, shi sai da fitila mai ƙwayar gilashi a ciki wadda ake ce wa furojekta. Ga balas, ɗan akwatin da ke ba ƙwan wuta, da za a rataya, ga shi in ka kunna sai ya ɗau daƙiƙu kafin ya cika haske. A motar da ke shan gargada da kaya kullum ban ba ka shawara ba. Kai kuma Ɗan Zoo Road ba haɗe maka kai aka yi ba, yau da daddare ka faka gaban katanga ka kunna dim ka ɗauko mana hoto, idan layin ya fito a yanke tsaf ni zan fara ba ka haƙuri a nan.

Ɗan Zoo Road: An gama, ku jira ni.

Baban Ummi: Jama'a na gode ƙwarai. Tambaya ɗaya ta rage, gefen fasinja fitilar irin wadda ƙwan yake a like ne ba a cirewa, in ta ƙone sai dai a canza duka, gefen direba kuma mai cire ƙwai ce, da alama an taɓa canza ɗaya tun Baba na da rai. Na bar su haka ko na daidaita?

Mai Wayarin Panteka: Wancan shi ne silbim. Daidaita su, ka sayi guda biyu iri ɗaya masu cin H4, na gilashi ba roba ba, roba da sannu za ka ga ta yi ɗorawa ta dushe a ranar nan tamu. Ƙwai kuma 60/55 na kamfani sananne irin Osram ko Philips, amma ka buɗe ido don jabunsu ya yi yawa a kasuwa, in ka ji araha ta yi yawa ka san akwai magana. Kar yaro ya kama gilashin ƙwan da hannu, maiƙon yatsa yana sa shi ya yi tabo ya mutu da wuri, a riƙe ta gindin ƙarfen. Robar bayan fitilar nan ma a mayar da ita, yara suna yawan jefarwa, ita ke hana ƙura da ruwa shiga. Ka sayi ƙwai ɗaya ka ajiye a aljihun mota, in ɗaya ya mutu a hanya ka zama mai ido ɗaya, mai tahowa ya ɗauka babur ne, ga kuma 'yan Road Safety.

Alhaji Tsohon Direba: A ƙara masa da saiti. Akori-kura ba kamar ƙaramar mota ba ce, in ka loda mata buhu bayanta ya zauna hancinta ya ɗaga, fitilar da ka saita ba kaya sai ta koma haska saman bishiya. Wataƙila ma rabin abin da ya same ka daren Alhamis kenan. Mu da a jikin katangar tasha muke saitawa da kaya a kai.

Injiniya Bompai: Gaskiyar Baba. Ka samu fili a miƙe, mota ta fuskanci bango da tazarar mita 10, iskar tayoyi daidai. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, ka ja layi a bangon da gawayi daidai wannan tsayin. Yankan hasken dim ya sauka ƙasa da layin da kamar santimita 10 zuwa 12. Akwai sukurori a gefen kowace fitila, ɗaya sama da ƙasa ɗaya hagu da dama, ka rufe ɗaya fitilar da kwali kana saita ɗaya. Tunda dawowar dare da kaya kake yi, saita ta da irin lodin da ka saba.

Baban Ummi: Salam jama'a na dawo da rahoto, kwana biyar kenan. Mun auna kamar yadda oga na Panteka ya ce, batir 14.1 bayan soket 11.3, mai wayarin ɗin ma sai da ya riƙe baki. A Ƙofar Ruwa shago na farko an fito min da wasu masu kyau kamar sababbi har na fara ciniki, na tuna maganar Baba na duba sai ga kibiya ɓaro-ɓaro, na ce a jona a haska, layi ya tashi hagu, mai shagon ya ce shi tunda yake ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba, har maƙocinsa ya kira ya zo ya gani. Ƙarshe sababbi 'yan Taiwan na ɗauka na gilashi, aka yi rile biyu, aka koma 60/55, yanzu bayan soket 13.7 yake nunawa. Saitin a katangar makarantar unguwarmu muka yi da buhu goma sha biyu a baya, yara suka taru suna kallo sun ɗauka sinima za a nuna. Jiya na dawo daga Gumel, ganyen da ake zubawa a titi in babbar mota ta lalace tun daga nesa na hango shi, kuma babu wanda ya ƙyasta min fitila ko ɗaya har na shigo gari. Abu ɗaya ne, alamar ful ta dashbod ta daina kawowa tunda aka saka rile ɗin.

Mai Wayarin Panteka: Madalla. Wannan sananne ne a motocin nan, alamar ta cikin zaren tsohon ƙwan take samun hanyarta, yanzu da soket ɗaya ya zauna ba komai a kai ta rasa. Ka koma ya saka ɗan ƙaramin ƙwai ko resisto, ɗan abin da ke rage gudun wuta, a tsohon soket ɗin da aka bari, aikin minti goma ne kar ya caje ka kuɗin kirki.

Maman Sadiq: Ni dai hoton katangar Ɗan Zoo Road nake jira, yau kwana biyar.

Ɗan Zoo Road: Hajiya wayata ce kyamarar ba ta ɗaukar dare sosai. Oga na Panteka, idan mutum ya juya ƙwan LED ɗin a mazauninsa layin yana gyaruwa ne ko sai an cire gaba ɗaya? Wani abokina ne yake tambaya.